Jiki Ɗaya, Rayuwa Biyu: Yadda Ake Gina Jarumin da Aka Sake Haifa

Marubuta da masu karatu, barkanku da war haka. A littattafan almara akwai salon da jarumi zai mutu, a sake haifarsa a wani jiki, ya taho da abin da ya sani tun rayuwar farko. Ƙirƙirar labari ce, ba maganar aƙida ba. Da yawa suna farawa da zafi, amma kafin babi na 10 sun yi lami, domin marubucin ya zuba wa jarumin komai tun shafin farko.

Kafin ku ɗora alƙalami, ku yanke abin da ya biyo shi: tunani ne, gwanintar hannu ce, ko ƙiyayyar da ya mutu da ita? Ku riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, kuma hannu ya riga kai tunawa. Yaro ɗan shekara 12 da bai taɓa riƙe takobi ba ya kare sara, sai ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, jikinsa na rawa.

Ƙarfin kuma dole ya ci masa wani abu. Idan sihirin baya yana zuwa a ɓagas, mai karatu zai daina jin tsoro a kansa, daga nan ya ajiye littafin. Ku kafa doka ɗaya, ku rubuta ta a gefe: duk lokacin da ya janyo tsohon ƙarfinsa, wani abu na rayuwar yanzu zai goge, yau sunan ƙanwarsa, gobe hanyar gidansu. Kada ku karya ta ranar da faɗa ya yi tsanani.

Inda muka fi so ku daɗe shi ne wajen uwar da ta haife shi yanzu. Ita ta goya shi, shi kuwa yana tuna fuskar wata uwar. Ta kira sunansa sau biyu bai waiwayo ba, don a ransa wani sunan yake amsawa. Ku bar ta ta lura, ta fara tsoron ɗanta.

Kada ku mai da tsohon jarumin waliyyi. Ku ɗora masa laifi, jikokin waɗanda ya zalunta su kasance da rai, suna neman hakkinsu a wuyan yaron da bai aikata ba. Iliminsa ma ya tsufa: idan shekara 300 ta wuce, abokansa sun mutu, garuruwa sun tashi, taswirar da ke kansa za ta kai rundunarsa inda babu ruwa.