Gadon bayan da ya rankwafa ba ya barin huhu ya buɗe

Assalamu alaikum. Ɗalibai, kafin in ce komai, kowa ya rankwafa a kujerarsa, kafaɗu su zubo gaba, haɓa ta kusa taɓa ƙirji. To, ku ja numfashi. Kun ji inda ya tsaya? Yanzu ku gyara zama, ku sake ja. Bambancin nan shi ne laccarmu ta yau.

Sistik faibirosis cuta ce ta gado, ta fi yawa cikin Turawa. Likita Dorothy Andersen ta bayyana ta a Amurka a 1938, aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta a 1989. Majina ce ke yin kauri kamar ƙaro, ta liƙe a hanyoyin iska. Da can a yarinta cutar ke kashe mutum; yau a Birtaniya fiye da rabin masu ita manya ne.

Sai dai wanda ya shekara 30 yana tari, jikinsa na nunawa. Tsokokin da ke riƙe ƙashin baya su ne kuma ke taya numfashi, kuma in aiki ya yi musu yawa, numfashi suke zaɓa. Sai baya ya fara doro, haƙarƙari ya sandare, ciwon baya ya hana shi tari da ƙarfi, majina ta ƙara taruwa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mai gashin ƙashi ya duba ƙirji ya manta da baya.

Fitar da majina ba da ƙarfi ba ne. Mara lafiya ya fara da numfashi a hankali, hannu a kan ciki. Ya ja dogo sau uku ko huɗu, yana ɗan riƙewa. Sannan ya yi huci, baki buɗe, kamar mai hura wa madubi zai goge. Hucin ne ke tunkuɗo majinar sama, tari ya ƙarasa. Don baya kuwa, a naɗe tawul, ya kwanta a kai tsawon ƙashin bayansa, ya ware hannuwa ƙirji ya buɗe.

Wani abu kuma, don Allah ku riƙa tambaya a keɓe: mata da yawa fitsari na kufce musu wajen tari, kunya ta hana su faɗa, sai su riƙa danne tarin. Ku koya musu matse tsokokin ƙasan mara kafin tarin ya zo.

A asibitocinmu da wuya ku ci karo da wannan cuta, amma za ku ga waɗanda tarin tibi ya bar wa huhu da tabo, suna kaki kowace safiya. Da wannan hucin za ku fara musu.