Amsoshin Tambayoyinku: Dutsen Kamaru, Tafkin Nyos da Namu na Gida

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware a wannan mako, kuma ikon Allah, dukkansu kan duwatsu masu aman wuta suka yi tambaya, sai ka ce sun haɗa baki.

Ta farko daga Mubi ta fito. Wani malamin makaranta ne yake cewa: "Na ji an ce akwai dutse a Kamaru da har gobe yake aman wuta, amma kuma mutane na hawansa don yawon buɗe ido. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ba ganganci ba ne?"

To Malam, ba ƙarya aka faɗa maka ba. Dutsen Kamaru ke nan, wanda Bakweri, mutanen da ke zaune a gindinsa, ke kira Mongo ma Ndemi, wasu kuma su ce Fako. Tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma ga shi daf da bakin teku, garin Buea na kwance a jikinsa. Ya yi amai a 1982, ya sake a 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse titin da ya tashi daga Limbe ya nufi Idenau, kuma baƙin tarin da ya daskare a wurin yana nan, matafiya kan tsaya su kalla.

Sai dai ba kullum yake tafasa ba. Yakan yi shekaru shiru, kuma kafin ya motsa ƙasa takan yi ta girgiza, masana suna sa ido. Abin da ya fi wahalar da mai hawa ba wuta ba ce, sanyi ne da haki. Za ka tashi daga Buea cikin kurmi, gumi na tsiyaya, ganye ya rufe sama. Kafin yamma kurmin ya ƙare, ka faɗa fili mai ciyawa da baƙar tsakuwa da ke zamewa a ƙarƙashin takalmi, taku biyu gaba ɗaya baya. Da dare kuwa, sanyin hunturun Jos wasan yara ne. Akwai bukkoki uku a kan sananniyar hanyar, mafi yawan mutane kan kwana a ta biyu, su yi sammakon zuwa ƙololuwa. Kwana biyu zuwa uku ne ga mai tafiya a hankali, tare da ɗan jagora. Kada ka kuskura ka je da damina: Debundscha, wani ƙauye a gefen dutsen, kan sami ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara. Tsakanin Nuwamba da Maris ake zuwa.

Kuma don ka ji abin mamaki, tun 1973 ake tseren gudu a kan dutsen nan, a hau a sauko rana ɗaya. Gwanaye kan gama cikin awa huɗu da 'yan kai. Wata baiwar Allah, Sarah Etonge, sau bakwai tana lashe na mata. Ni dai da ke hawa benen ofis ina hutawa a tsakiya, bakina alekum.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Ngaundare. Ta ce tun tana yarinya take jin iyaye na labarin tafkin da ya kashe mutane cikin dare ba tare da ambaliya ba, wasu su ce aljanu, wasu su ce gwajin makami. Tana son jin gaskiyar magana.

Hajiya, Tafkin Nyos kike nufi, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru. Ranar 21 ga Agusta, 1986, da dare abin ya faru. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, galibi shanun Fulani makiyaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ga yadda abin yake. Tafkin bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, zurfinsa ya kai mita 200. Wutar da ke can ƙarƙashin ƙasa ba ta mutu ba, tana ta tura iskar kabon-dayoksaid cikin ruwan ƙasan tafkin. Nauyin ruwan sama ya danne ta, kamar yadda murfi ke danne iskar da ke cikin kwalbar lemo. Shekara da shekaru tana taruwa, har ranar da wani abu ya motsa ruwan. Kin san abin da ke faruwa in yaro ya jijjiga kwalba ya buɗe. To haka tafki guda ya yi.

Ita wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta da launi. Don haka ba sama ta yi ba, kwari ta bi kamar ruwa, ta ratsa Nyos da Cha da Subum, har wajen kilomita 25. Duk inda ta sauka, ta kori iskar numfashi. Mutane na barci, wasu na hira a tsakar gida, suka faɗi. Fitilu suka mutu. Waɗanda ke kan tudu da yawa sun tsira, wasu kuma suka farfaɗo bayan sa'o'i suka tarar gida ba mai motsi, bukkoki da itatuwa na tsaye lafiya lau. Ruwan tafkin, mai shuɗi a da, ya wayi gari jajir saboda sinadarin ƙarfe da ya taso daga ƙasa. Wannan shirun ne, a ganina, ya haifar da zancen aljanu, kuma ban ga laifin wanda ya zaci haka ba. Shekara biyu kafin nan, a 1984, Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya yi irin haka ya kashe mutum 37.

Yanzu an kafa bututu a tsakiyar Nyos, na farko a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Ruwan ƙasa ke bi ta ciki yana feshi sama dare da rana, iskar na fita kaɗan-kaɗan. Amma ga mai niyyar zuwa Nyos ko Buea, rikicin yankunan renon Ingila na Kamaru, inda wuraren biyu suke, bai kwanta ba, a tambayi halin hanya tukuna.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani ɗalibi a Gombe: "Mu a Nijeriya ba mu da irinsu ne?"

Ƙanena, kusa da kai ma. Tudun Biu a Borno cike yake da tsofaffin duwatsun da suka taɓa amai, kuma Tafkin Tila da ke can bakin ɗaya daga cikinsu ne. A Filato ga na Kerang da Panyam a ƙasar Mangu. In kuwa ƙafarka ce ke ƙaiƙayi, ka nufi Serti a Taraba, hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a ƙasar. Can ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu dutsen da ya fi shi tsayi a Nijeriya. Tafiyar kwanaki ce ta cikin kurmi da rafuka, sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. Ka tanadi takalmin da ƙafarka ta saba da shi, sabo fil zai yi maka kanta tun ranar farko.

Lokaci ya cimma mana. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.