Amsoshin Tambayoyinku: PlayStation, Xbox ko Nintendo, wa ya fi ciniki?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan makon samari ne suka mamaye mana jakar wasiƙu, kusan duk takardar da na ɗaga maganar gem ce, wato na'urorin wasan bidiyo. Ban san gardamar da ta ɓarke a majalisu ba. Shi ya sa na gayyato wani bawan Allah da ya daɗe yana gyara da sayar da waɗannan na'urori, muna ce masa Injiniya. Injiniya, sannu da zuwa.

Injiniya: Yauwa Hajiya, sannunmu. Allah ya taimake ki.

Mai gabatarwa: Amin. Lokaci ba ya jira, bari mu fara da masu sauƙi. Wani mai sauraronmu daga Gusau yana tambaya, wai Nintendo kamfanin Amurka ne? A'a malam, na Japan ne, a birnin Kyoto yake, kuma tun 1889 aka kafa shi yana buga katin karta. Ya girmi kakanka. Sai wani daga Damagaram, ya ce shi a Sega ya koyi gem, yanzu ya nemi kamfanin ya rasa. Injiniya, a taƙaice.

Injiniya: Yana nan da ransa, na'ura ce ya daina ƙerawa tun 2001. Ta ƙarshe ita ce Dreamcast, ba ta yi kasuwa ba, sai suka koma yin wasanni suna sayar wa masu na'urorin wasu.

Mai gabatarwa: To ɗan Damagaram ka ji. Yanzu ga wadda ta fi yawa. Ta zo daga Fagge, ta zo daga Tudun Wadar Zariya, ta zo daga Maraɗi, har da Kumasi. Mutumin Fagge ya ce sun kwana uku suna musu a shagon aski, har an sa caca a kan kwalbar lemo. Caca dai babu kyau, ko ta lemo ce. Tambayar ita ce: wace na'urar gem aka fi sayarwa a tarihi, kuma wane kamfani ne a gaba?

Injiniya: To Hajiya, in ana son a gane wannan sai an koma baya. Ai mutane ba su san cewa Sony da Nintendo da farko abokan ciniki ba ne. Sun yi yarjejeniya Sony zai haɗa wa Nintendo na'urar da ke cin faifai, don a lokacin kaset ake sakawa, wannan mai kama da bulo da yara ke hura wa iska in ya ƙi tashi. A 1991, a wajen wani baje koli a Amurka, Sony ya fito ya sanar da aikin. Washegari Nintendo ya fito ya ce shi da Philips na ƙasar Holan zai yi. A gaban jama'a fa. Akwai wani injiniyan Sony, Ken Kutaragi, shi ya dage sai sun yi tasu su kaɗai, kuma a ƙarshen 1994 PlayStation ta fito a Japan. Kin ga ɗan hakin da ka raina...

Mai gabatarwa: Injiniya, lemon mutane na hucewa. Wacce aka fi sayarwa?

Injiniya: Ina zuwa ai. PlayStation 2 ce. Ta fito a shekarar 2000, kuma Sony ya ce ya sayar da fiye da miliyan 160.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu musu. PlayStation 2, wadda kuke ce wa PS2, fiye da miliyan 160. Wa ke bin ta?

Injiniya: Biyu ne, duk na Nintendo. Akwai DS, ƙaramar nan ta hannu mai gilashi biyu da ake ninkewa, ta yi wajen miliyan 154. Akwai kuma Switch da ta fito a 2017, ita ma ta haura miliyan 150. Daga nan sai Game Boy, ita ma ta Nintendo, in aka haɗa da mai kala, wajen miliyan 118. PS4, wato PlayStation 4, wajen miliyan 117. PlayStation ta farko da Wii ta Nintendo kowacce ta ɗan haura miliyan 100.

Mai gabatarwa: Wato wanda ya ce PS2 ya ci lemo. Amma ni abin da ya ba ni mamaki, na'urar da ta shekara fiye da ashirin ita ce har yanzu a sama. Me ya sa?

Injiniya: Dalilai ne suka haɗu. Na ɗaya, tana kunna faifan DVD, a lokacin da na'urar kallon DVD ke da ɗan karen tsada. Yaro sai ya ce wa babansa ai har fim za a riƙa kalla da ita, baba ya saya. Na biyu, wasannin PlayStation ta farko suna yi a kanta, wanda ya tara faifai bai yi asara ba. Na uku, ta daɗe. Sai farkon 2013 aka daina ƙera ta. Sabbi suna fitowa, ita farashinta yana sauka, tana shiga ƙasashen da ba su iya sayen sabuwa. Kuma Hajiya tana da juriya. Na buɗe wasu na tarar da ƙura kamar an kwaso daga titi, har da kyankyaso, amma a goge ido a hura, ta tashi.

Mai gabatarwa: Ban ji ka ambaci Xbox ba, ga shi mutumin Kumasi ya ja layi a ƙarƙashin sunan.

Injiniya: Ita Xbox ta Microsoft ce, Ba'amurke ɗaya tilo a cikin ukun. Ta farko ta fito a 2001, ta yi wajen miliyan 24. Wadda ta fi yi musu kasuwa ita ce Xbox 360, ta haura miliyan 80, kusan kunnen doki da PS3. Amma tun 2015 Microsoft ya daina faɗin yawan na'urorin da yake sayarwa. Duk lambar da aka ba ka ta Xbox ta yanzu, kintace ne na masu bin kasuwa, ba daga bakin kamfanin ta fito ba.

Mai gabatarwa: Ni dai a sanina, ɗan kasuwar da ya ci riba ba ya ɓoye littafi. Ra'ayina ne wannan, kar a ce gidan rediyo ya faɗa.

Injiniya: Ba ki yi nisa da gaskiya ba. Masu kintacen duk sun yarda PS5 ta yi mata nisa. Ita PS5 ta fito a Nuwamban 2020, kuma a 2025 Sony ya ce ta haura miliyan 80. Amma akwai abin da nake so masu musun nan su gane. Wannan lissafi, lissafin sabuwar na'ura ne, sau ɗaya ake ƙirga ta, ranar da ta bar hannun kamfani. Yawancin abin da ke shigo mana nan kuwa gwanjo ne. Wani yaro a Ingila ya more ta shekara biyar, an zubo ta a kwantena, ta sauka Legas ko Kwatano, ta iso hannuna, na gyara, mai gidan gem ya saya. A gidan gem ɗin nan yara nawa za su taɓa ta a wata? Tun safe har dare ana buga ƙwallo, wanda aka ci ya biya. A littafin Sony duk wannan guda ɗaya ce, kuma a Ingila aka rubuta ta.

Mai gabatarwa: Tsaya in fahimta. Wato duk gidajen gem ɗin nan na unguwanninmu, ba sa cikin lissafin?

Injiniya: Na'urar tana ciki, mu ne ba ma ciki. Shi ya sa in ka duba da idonka a nan sai ka rantse Nintendo ba ya ciniki, don da wuya ka shiga gidan gem ka ga Switch. Alhali Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025, a kwana huɗu kacal an sayar da fiye da miliyan uku da rabi.

Mai gabatarwa: Kwana huɗu! To masu sauraro, a sake ji: abin da kake gani a layinku daban, abin da ke littafin kamfani daban. Mutumin Zariya ya ƙara da cewa, me ke sa wani kamfani ya yi sama yau, gobe ya faɗo?

Injiniya: Farashi, sannan girman kai. A 1995 a Los Angeles, Sega ya sanar da na'urarsa Saturn a kan dala 399. Wani jami'in Sony ya hau mumbari, ana jiran dogon jawabi, ya ce 299, wato farashin PlayStation, ya sauka. Shi ke nan jawabin. To shi Sony ɗin, da ya ga ya ci kasuwa sau biyu a jere, a 2006 sai ya fito da PS3 babbarta dala 599. Mutane suka watse wajen Xbox 360 da Wii. Ita kuma 360 ta zo da ciwonta, jar wutar nan da ke kewaye maɓalli, in ta kama na'ura ta mutu. Microsoft sai da ya ware fiye da dala biliyan ɗaya don gyara wa mutane. Mu masu gyara mun ga abu a lokacin, zafi ne ke sa dalmar ciki ta saki, ga mu kuma a ƙasar zafi, ga wutar janareta mai hawa da sauka, ni har fanka nake ce wa mutane su...

Mai gabatarwa: Injiniya, faɗuwar kamfani muke, ba fanka ba.

Injiniya: Haka ne. A 2013 sai abin ya juyo kan Microsoft. Xbox One dala 499, PS4 dala 399. Ga shi sun zo da dokokin takura wa mai son ara wa abokinsa faifai ko ya sayar da tsoho. Jama'a suka yi ca, suka janye dokar kafin ma na'urar ta fito, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nintendo ma bai tsira ba. Bayan Wii mai miliyan 100, ya fito da Wii U, ko miliyan 14 ba ta kai ba.

Mai gabatarwa: Kowa dai ya ɗanɗana. Ga wasiƙar wata baiwar Allah daga Bauchi, ta ce ɗanta ya hana ta sakat sai ta saya masa PS5, da ta ji kuɗin sai da ta zauna. Tana tambaya, wace irin riba kamfanonin nan ke ci? Kafin Injiniya ya amsa, kai yaro, in kana jin mu, ka ji tsoron Allah ka bar mahaifiyarka ta huta. Kawo sakamakon jarrabawa tukuna.

Injiniya: Hajiya ta Bauchi, abin da zai ba ki mamaki, sau da yawa a farkon fitowar na'ura faɗuwa suke yi a kanta. PS3 Sony ya daɗe yana sayar da ita ƙasa da kuɗin da ya kashe wajen ƙera ta. Ribar tana cikin wasannin. Duk wasan da aka saya a shagonsu na intanet suna da kaso, galibi kashi 30 cikin ɗari, ga kuɗin rajista na wata-wata ga mai son buga wasa da mutanen nesa. Kamar mai ba ka fitila da araha ne, ya san wajensa za ka dawo sayen batir.

Mai gabatarwa: Amma ita tsada ta gani, ba araha ba.

Injiniya: Wannan kuma canjin dala ne da kuɗin shigo da kaya. PS5 mai cin faifai a dala 499 ta fito. Da can in na'ura ta kwana biyu farashinta sauka yake, ita kuwa a 2025 ƙarin dala 50 aka yi mata a Amurka. Ni shawarata, in har za a saya, PS4 mai lafiya ta ishe shi, a gwada ta a shago ta yi awa guda a kunne kafin a biya.

Mai gabatarwa: Ka ga Injiniya ya fara talla. Saura mana 'yan mintuna. Wani daga Garwa a Kamaru ya ce ya ji wai Xbox za ta bi sahun Sega.

Injiniya: Kamfanin da ya fitar da kusan dala biliyan 69 ya sayi Activision Blizzard a 2023, masu wasan Call of Duty, wato Microsoft, ba shirin rufe shago yake ba. Salo ya canza. Ya fi mai da hankali kan Game Pass, ka biya kuɗin wata ka buga wasanni da yawa, a na'ura ko a kwamfuta. Ya sa hannu Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation har shekara goma, kuma wasan tseren motocinsa, Forza Horizon 5, ya shiga PS5 a 2025. Yanzu ko PlayStation ka saya, yana iya cin kuɗinka.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, daga wani ɗalibi a Sakkwato, wai ina FIFA, gem ɗin ƙwallon nan, ta shiga? Wannan ni ma na sani, yarana sun koya min. Kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, tun 2023 sunan wasan ya koma EA Sports FC. Ita ma PES, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, tun 2021 eFootball ake ce mata. Ku dai a gidan gem kuna nan kuna cewa a sa muku FIFA, kuma ana sa muku. Akwai wanda ya tambayi ko kamfanin PlayStation ko na Nintendo ya fi yawan na'urori in aka tara duka, ga mai kula da na'ura yana ɗaga min hannu, sai mako mai zuwa. Injiniya mun gode, a gaida mutanen kasuwa.

Injiniya: Za su ji, Hajiya. A ce wa na Fagge ya rage min lemon.