Fugazi: jita mai tsawa, magana mai nauyi, tikiti dala 5

To jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Amurka za mu leƙa, birnin Washinton, wajen wasu makaɗan rok su huɗu da ake kira Fugazi. In ka ji kiɗansu karon farko za ka ce hayaniya ce kawai, amma dai tsaya ka kasa kunne tukuna.

A 1987 ƙungiyar ta fara wasa a gaban jama'a. Ian MacKaye da Guy Picciotto su ke rera waƙa suna kaɗa jita, Joe Lally na riƙe da jitar bes, wato mai zurfin sauti, Brendan Canty kuma shi ne mai ganguna. Abin da ya sa ake ce musu masu cin gashin kansu shi ne ba su taɓa sa hannu da wani babban kamfanin waƙa ba. Kusan duk faifansu ta Dischord yake fitowa, wani ƙaramin kamfani da MacKaye ɗin da abokinsa Jeff Nelson suka buɗe tun 1980. Manyan kamfanoni sun yi zawarcinsu har sun gaji, su kam ko a jikinsu.

Yanzu ga yadda kiɗan yake. Ita jitar lantarki in aka ƙure mata amfilifaya sautin fashewa yake yi, ya yi kaushi yana gurnani, to MacKaye nan ya fi ƙarfi, nasa sautin mai kauri ne daga ƙasa, shi kuwa Picciotto nasa siriri ne mai kaifi yana yanka ta sama, a ƙarƙashinsu kuma Lally na tafiya da bes a natse irin na rege, wai don kar ginin ya rushe. Sai ana cikin wannan ruguntsumi kawai su tsaya cak. Tsit. Daƙiƙa biyu uku, sannan su sake barkewa gaba ɗaya. Wallahi a wajena wannan tsayawar ta fi ƙarar razanarwa, kuma ita ke buɗe wa kalmomin hanya su shiga kunne.

Su kalmomin fa? Ba soyayya ake ta jerowa ba. Akwai waƙarsu Suggestion, namiji ne ke rerawa amma da bakin mace yake magana, macen da ba ta iya wuce titi ba tare da maza sun bi ta da ido da baƙar magana ba, kuma bai tsaya kan masu yi ba, har masu gani su yi shiru ya ɗora wa laifi. A 1988 fa. Wata kuma Merchandise, tana cikin faifansu Repeater na 1990, caccakar yadda ake maida mutum abin da ya saya take yi.

Kuma ba a baki suka tsaya ba, nan ne ma ni suka fi burge ni. A lokacin da suke yawon wasa, ba sa sayar da riga ko hula mai sunansu. Tikitin shiga wasansu a lokacin yawanci dala 5 ne, kuma sai wurin da yaro da babba kowa zai iya shiga suke yarda su yi wasa. In wani ya fara ture mutane da mugunta a gaban dandamali, MacKaye tsayar da kiɗan yake yi ya yi masa magana cikin ladabi, yana ce masa yallaɓai, in ya ƙi ji a miƙa masa dalarsa 5 a nuna masa ƙofa. Ko jerin waƙoƙi ba sa rubutawa kafin su hau, wani ya fara sauran su kama.

A haka suka yi wasa sama da 1,000 a ƙasashe daban daban. Faifansu na ƙarshe The Argument ya fito a 2001, daga 2003 suka tafi hutun da ba su sa masa rana ba. Amma da yake suna naɗar yawancin wasanninsu, a 2011 Dischord ta fara ɗora su a intanet, ɗaruruwa ne, kowanne da kwanan wata da garin da aka yi shi. Farashin da suka ba da shawara a biya na kowane ɗaya? Dala 5.