Hawan Mashigar Logan da Mota Mai Shekara 100

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi motocin nan da suka jeru a bakin tafki, masu ƙafafun katako da rufin tamfol. Ƙaramar cikinsu ta kusa shekara 100 da ƙerawa, amma duk suna tashi, suna tafiya, kuma kafin azahar za su hau dutsen da tsayinsa ya haura mita 2,000. Sunan motar Ford Model T. Wurin kuma Gandun Dajin Glacier ne, a jihar Montana da ke arewacin Amurka, dab da iyakar Kanada. Masu motocin 'yan ƙungiya ne, irin ƙungiyoyin da ke haɗuwa kowane bazara su fita yawon buɗe ido da tsofaffin motocinsu.

Duk wanda ya san tuƙi zai tambaya: yaya mota mai ƙarfin doki 20, wadda ba ta da birki a ƙafafun gaba, za ta hau irin wannan dutse kuma ta sauko lafiya?

Mu fara da hanyar, don a nan rabin amsar take. An kafa gandun a 1910, kuma a shekarunsa na farko jirgin ƙasa ne ke kawo baƙi, sannan su shiga cikin tsaunuka a kan dawakai. Da mota ta yawaita sai aka ga lallai a yi hanyar da za ta ratsa gandun daga yamma zuwa gabas. A 1924 shugaban hukumar gandayen daji na ƙasar, Stephen Mather, ya hau har mashigar Logan, wato ratar da ake bi a ƙetare tsaunukan a can sama, tare da wasu ma'aikatansa don a yanke shawarar inda za ta bi. Injiniya George Goodwin ya ce a hau kai tsaye ta cikin kwarin, da kwana 15 masu lanƙwasa ɗaya bisa ɗaya, ya fi sauri ya fi arha. Thomas Vint, saurayi mai tsara fasalin wurare, ya ce wannan zai ɓata fuskar dutsen har abada. Gara a sassaƙa hanya doguwa a jikin katangar dutsen, ta riƙa ɗagawa a hankali, da babbar kwana guda ɗaya tak. Shawarar Vint ce ta yi rinjaye, kuma a ganina wannan na cikin shawarwari mafi kyau da aka taɓa yankewa a aikin hanya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Masu awo sun riƙa ratayewa da igiya a jikin dutse. Ƙanƙara ba ta barin a yi aiki sai 'yan watanni a shekara. Mutum 3 suka rasa rayukansu. An kammala a 1932, aka yi bikin buɗewa ranar 15 ga Yuli, 1933. Tsawonta kusan kilomita 80 ne, kuma sunanta Going-to-the-Sun, wato hanyar tafiya zuwa rana.

Ga abin da ya shafi motocinmu. An ƙayyade hawan kada ya wuce kashi 6 cikin 100: a kowace mita 100 da ka yi gaba, hanya ta ɗaga mita 6. An zaɓi wannan ma'auni ne da la'akari da ƙarfin motocin wancan zamani, kuma a farkon shekarun 1920 kusan rabin motocin da ke Amurka Model T ne. Kenan hanyar da motar sa'annin juna ne. Faɗinta, kwanoninta, gajeren bangon dutsen da ke gefenta, duk an yi su ne daidai da 'yar siririyar mota mai tafiya a hankali. Yau babbar mota ce ke shan wahala a nan. Abin da tsawonsa ya wuce ƙafa 21 ko faɗinsa ya wuce ƙafa 8 ba a barinsa ya bi sashen tsauni, kuma iyakar gudu a can sama kilomita 40 ne a awa. Model T, wadda ƙarshen gudunta bai wuce kilomita 70 ba, a gidanta take.

Yanzu mu leƙa cikin motar. Kamfanin Ford ya ƙera ta daga 1908 zuwa 1927, fiye da miliyan 15. Da farko dala 850 ake sayar da ita, zuwa 1925 ta sauko har dala 260. Amma direban yau in ya zauna a ciki, ko motsa ta ba zai iya ba sai an koya masa. Abin takawa 3 ne a ƙasa, kuma babu totur a cikinsu. Na hagu shi ne giya: ka danne shi ƙasa kana lamba ɗaya, ka sake shi ka shiga lamba biyu, iyakar giyar ke nan. Na tsakiya ribas ne. Na dama birki. Totur ɗin wani ɗan ƙarfe ne a ƙarƙashin sitiyari ta hannun dama, da yatsu ake ja. Ta hagu akwai ɗan'uwansa, shi ke saita lokacin da wuta za ta faɗa wa fulogi.

Ku kula da mutumin nan da zai tayar da tasa da hannu, don sai 1919 aka fara saka wa motar sitata ta lantarki. Ya fara mayar da ƙarfen wuta baya. Ya kama hannun juyawar ba tare da ya zagaya shi da babban yatsa ba, ya fizga sama. Idan aka manta da mayar da wutar, injin na iya bugowa baya da ƙarfin da zai karya hannu. Wannan shi ne darasin farko da tsofaffin 'yan ƙungiya ke koya wa sabon shiga.

Ayari ya tashi da sassafe, kuma da dalili. Filin ajiye motoci na saman Logan yana cika tun hantsi bai yi ba a lokacin bazara, sannan sanyin safiya alheri ne ga injin. Sashen farko shimfiɗaɗɗe ne, a gefen tafkin McDonald mai tsawon kilomita 16, cikin dogayen itatuwa. Tun kafin a kai babbar kwanar nan ta Vint hawa na gaske yake farawa, kuma ba ya sassautawa sai an kai sama.

A nan ne halin motar ke bayyana. Na farko mai. Yawancin Model T ba su da famfon mai. Tankin yana ƙarƙashin kujerar direba, mai yana gangarowa da kansa zuwa kafireta. Idan hawa ya yi tsanani kuma tanki ya yi ƙasa, kafireta na iya fin man tsayi, sai mota ta mutu. Shi ya sa mutanen da can suke juya mota su hau tudu da baya. A hawan kashi 6 ba a kai ga haka, muddin tanki a cike yake, kuma dole a cika shi tun daga waje domin babu gidan mai a cikin gandun. Da ɗan sanda ake auna man, a buɗe kujera a tsoma.

Sai ruwa. Motar ba ta da famfon ruwa: ruwan da ya yi zafi shi ke tashi sama ya shiga lagireto, ya huce ya sauko. A kan shimfiɗa wannan ya wadatar. A hawa mai tsawo kuwa, inji na aiki da ƙarfi amma mota na tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ta ragu. Ga kuma tsayi: a mita 2,000 ruwa yana tafasa tun a digiri 93. Don haka za ku ga direba ya ƙura ido ga ɗan ma'aunin zafin da ke kan murfin lagireto, kuma kowa na ɗauke da jarkar ruwa. Iskar ma ta yi sirara. Inji yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsayi, saboda haka dokin nan 20 ya koma kamar 16 kafin a kai mashigar. Direba yakan miƙa hannu ya murɗa ɗan maɓallin kafireta da ke gabansa ya rage mai, don ya dace da iskar da ta rage.

To amma ku ɗaga ido daga injin ku ga abin da aka zo gani. An naɗe rufin tamfol. Ta hagu katangar dutse ce ta miƙe sama, ta dama kwari ne mai zurfin da idan ka leƙa sai cikinka ya juya. Can ƙetaren kwarin ruwan Bird Woman ke zubowa daga tsakanin tsaunuka biyu. Gaba kaɗan akwai wurin da ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke kwarara daga jikin dutse har kan kwalta a farkon bazara, yana fantsar masu dawowa ta gefensa. A gudun kilomita 25, babu gilashi tsakaninka da waje, kana jin ƙanshin itatuwa, kana jin iska na ƙara sanyi yayin da kake hawa. Wanda ya rufe gilashi ya kunna na'urar sanyi ya wuce, hanya ɗaya kuka bi amma ba abu ɗaya kuka gani ba.

Waɗannan jajayen motocin safa da ke wucewa su ma tsofaffi ne. Kamfanin White ya ƙera su tsakanin 1936 da 1939, kuma 33 daga cikinsu na nan suna ɗaukar baƙi, sai dai an sauya musu inji da ƙarƙashi a farkon shekarun 2000.

Mun iso mashigar Logan, mita 2,026. Ruwan da ya zuba ta yamma da nan tekun Fasifik ya nufa, wanda ya zuba ta gabas kuma wata hanyar ya kama. Awakin dutse farare da tumakin daji masu manyan ƙahoni suna zuwa har bakin filin motoci. Doka ta ce a ba su tazarar yadi 25, beyar kuwa yadi 100. Dab da nan ta gabas ƙanƙara kan taru ta kai tsayin ƙafa 80 a lokacin hunturu, shi ya sa hanyar ba ta buɗewa gaba ɗaya sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, a sake rufe ta a Oktoba.

Direbobin sun sha shayi, amma hankalinsu na kan gangara, domin ita ce abin tsoro. Birkin Model T ba a ƙafa yake kamawa ba. Wani ɗamara ne a cikin akwatin giya, mai shafi na auduga ko makamancinta, yana iyo cikin man inji, yana matse wani ganga. Ka danne shi ka ƙi saki, shafin ya ƙone, birki ya tafi. Mafi muni, idan wani abu ya karye tsakanin giya da ƙafafun baya, birkin zai kama amma mota ba za ta tsaya ba. Akwai wasu 'yan wasoshi a cikin gadar baya da kamfani ya yi da ƙarfe mai laushi, tsufa na sa su ruɓe su farfashe, kuma duk mai hankali yana musanya su da na tagulla kafin ya doshi tsauni. Da yawa kuma suna ƙara birki na waje a ƙafafun baya, da wata gada mai suna Ruckstell da ke mayar da giyar ta zama 4. A gangarar, ana rufe totur, a mayar da wuta baya, a bar inji ya riƙe mota, a taɓa birki a saki, a taɓa a saki, don mai ya samu ya sanyaya shi.

Wannan ilimi ba a makarantar tuƙi ake samunsa ba, a ƙungiya yake. Akwai Model T Ford Club International da aka kafa a 1952, da Model T Ford Club of America ta 1965, kowacce da rassa a garuruwa. Tafiyarsu tana da tsari irin na fatake: akwai madugu da ya riga ya bi hanyar ya rubuta wa kowa inda za a juya da inda za a tsaya, akwai duba lafiyar mota kafin a tashi, sannan a can ƙarshen ayari akwai motar zamani da tirela, aikinta ɗaukar duk wadda ta gaza. Ba sa tafiya a cunkushe. Suna barin tazara, kuma da motoci sun taru a bayan mutum sai ya ratse gefe su wuce. Idan ɗaya ta tsaya, kafin mai ita ya ɗaga murfin inji wasu sun tsaya, wannan da sifana, wancan da fulogi. Abin da ya fi burge ni shi ne yara da jikoki da ake zuwa da su, domin motar za ta daɗe fiye da mai ita, kuma sai da wanda ya iya tuƙa ta.

A kan gangarar gabas ana tsayawa a hango ƙanƙarar Jackson. Wajen 1850 irin waɗannan daskararrun kogunan ƙanƙara, waɗanda ake kira glacier da Turanci, sun kai kusan 150 a yankin. A ƙidayar 2015, 26 kawai suka rage masu girman da za a kira su da sunan. Daga nan sai tafkin Saint Mary da ɗan tsibirinsa a tsakiya, sannan tsaunuka su yanke farat ɗaya, fili ya buɗe. Wannan ƙasar al'ummar Blackfeet ce, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin Amurka. Tsaunukan da muka sauko ma nasu ne, sai a yarjejeniyar 1895, bayan an ƙarar da ɓaunan da suke rayuwa a kai kuma yunwa ta ci su, suka sayar wa gwamnatin Amurka a kan dala miliyan 1.5. Ya kamata duk mai wucewa ta nan ya san haka.

Wasu kan juya su sake hawa Logan. Wasu kuma su zagaya ta kudu, su bi babbar hanya mai lamba 2 ta mashigar Marias, gefen layin dogo, tafiyar da jimillarta ta haura kilomita 200 a yini guda. Da yamma filin masauki ya koma gareji. A kwanta ƙarƙashin mota a buɗe 'yan famfuna biyu a ga matakin man inji, a buɗe murfin giya a ƙara ɗaure ɗamarar birki, a girgiza ƙafafun katako a ji ko sun saki. Wadda ta dawo a kan tirela ita ake fara taruwa a kai, don gobe akwai fita zuwa kwarin Two Medicine kuma ana so ta je da ƙafarta.

Mun gode da kallo, sai mun haɗu a shiri na gaba.