Sharhi: Da wane mudu ake auna amfanin bincike?

Jama'a masu sauraro, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita ɗakunan bincike da dama a Sudan. Kuɗin farfaɗo da su ba zai wadata ba, dole a zaɓi inda za a zuba shi, kuma zaɓi sai da awo.

Jami'a tana da mudunta. Ana ƙirga maƙalun da malami ya wallafa da yawan masanan da suka kafa hujja da su. A ma'aunin da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, mai maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10 yana da maki 10. Awo ne mai amfani, sai dai abokai kan yi ta ambaton juna har maki ya kumbura, alhali ko buhu ɗaya bai ƙaru a rumbu ba.

Mudun manomi ya fi wuyar riƙewa. Ku ɗauki dawar Hajin Dura-1, irin aure (wanda ake samu ta hanyar haɗa iri biyu daban) da aka fitar a Sudan a 1983 daga aikin Gebisa Ejeta, ɗan Habasha. Mai son sanin amfaninta na gaskiya sai ya jera fadan da fadan (fadan awon gona ne, kamar eka ɗaya), sabon iri da na gargajiya, a shuka rana ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, a maimaita shekara 3 aƙalla, don damina guda tana ruɗin mutum. Lallai a sa hawasha, wato gonar manomin rani, da ke wutsiyar magudana, inda ruwa ke makara, domin gonar gwaji ta Wad Madani ba ta san wannan ƙishin ba. Daga nan a cire kuɗin iri da na ƙwadago. Inda lissafi ya fi lalacewa shi ne irin aure ba a ajiye shi a sake shukawa. Manomi ya ɗebo daga rumbu, gona ta fito wani dogo wani gajere, a ɗora wa bincike laifi. Kuma a tambayi mata: idan kisra, wato gurasar dawa ta Sudan, ba ta yi daɗi ba, baɗi ba mai shukawa.

Haka a fannin lafiya. Cibiyar binciken madura (cutar da ke kumbura ƙafa bayan sukar ƙaya) ta Jami'ar Khartum, da aka kafa a 1991, tana cikin waɗanda suka dage har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin waɗanda aka yi wa sakaci a 2016. Nasara ce babba. Amma a ƙauyukan Jazira da Sinnar, abin da za a ƙirga shi ne wata nawa mai kumburin ƙafa bayan sukar ƙaya yake ɗauka kafin ya ga likita, da ƙafa nawa ta tsira daga yanka.