Sharhi: A kai wa tsohon soja haƙƙinsa har gida

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Saƙon wani tsohon soja daga yankin Mora, a arewacin Kamaru, ne ya tsokano sharhinmu na yau. Nakiya ta tashi da motarsu a bakin iyaka, ya rasa ƙafa ɗaya, aka sallame shi daga aiki. Yau duk abin da yake riƙe da shi leda ce cike da takardu, wasu sun yage a wurin ninki, wasu tawadarsu ta koɗe saboda gumi. Wani ɗan tsakani ya ce zai tura masa dosiyensa, wato tarin takardunsa na neman fansho, gaba, amma da sharaɗin idan kuɗin baya suka fito a raba da shi. Tambayar bawan Allahn nan ita ce: ya yarda ko kada ya yarda?

Kada ka yarda, baba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce mutumin da ya bar ƙafarsa a fagen daga ya kai ga yin wannan tambaya.

Tun watan Mayun 2014 da Shugaba Paul Biya ya shelanta yaƙi da Boko Haram a taron Faris, mun san inda yaran nan suka kwana: Kolofata, Fotokol, Amshide, Waza, Darak. Wasu an dawo da gawarsu, wasu sun dawo da sanda, wasu jikinsu lafiya amma barci ya ƙaurace musu. Doka ta tanadar musu fansho, ta tanadi kuɗin nakasa ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta ba matar mamaci da marayunsa kaso. Akwai hukumar ONACAM ta tsofaffin sojoji, akwai ƙaramin minista a ma'aikatar tsaro da aka ɗora wa lamarinsu. To ina matsalar take? Matsalar ita ce an ɗora wa mai rauni nauyin bin haƙƙinsa da ƙafarsa.

A duba abin da ake nema. Rahoton kwamandansa da ke tabbatar da cewa a bakin aiki ya ji raunin. Takardun asibitin soja. Hukuncin kwamitin likitocin da ke auna nakasa, kashi nawa cikin ɗari. Takardar sallama, takardar haihuwa, kowace da kwafinta mai hatimi, kowane hatimi da kuɗinsa. In takarda ɗaya ta ɓace, ko aka rubuta Usmanu a nan, Usman a can, sai komai ya tsaya cik. Kuma ƙarshen tafiyar dosiye Yawunde ne, fiye da kilomita 1,000 daga Marwa: mota zuwa Ngaundere, kwana cikin jirgin ƙasa, kuɗin masauki, sannan a ce maka ka dawo wani makon. Da wane kuɗi? Da wace ƙafa?

Kusan duk waɗannan takardu a hannun hukuma suke. Ita ta ɗauke shi aiki, ita ta ba shi lamba, ita ta tura shi daji, asibitinta ne ya yanke ƙafar. Ranar da take buƙatarsa ta san sunansa, ta san ƙauyensu. Ranar biyansa ma ta san su. Don me za a ce shi ne zai zo ya tabbatar mata da abin da ke rubuce a littafinta?

Na matan mamata ya fi ciwo. A nan arewa aurenmu a ƙofar gida ko a masallaci ake ɗaura shi, gaban waliyyai da shaidu, a raba goro a watse. Aure ne cikakke a addini da al'ada. Amma ofishin fansho takardar aure ta magajin gari yake nema. Mace ta yi shekara goma a bariki, ta haifi 'ya'ya huɗu, kowa ya san ta matar kofur wane ce, mijin ya faɗi a fagen daga, tana fita takaba sai a tambaye ta takardar da ba a taɓa yi ba. 'Ya'yan ma sau da yawa ba su da ta haihuwa, sai an je kotu an nemo hukuncin da zai maye gurbinta. In mata biyu ya bari, ga kuma dangin miji sun riƙe takardun, shi ke nan, an buɗe wata shari'ar.

Na san abin da za a ce: akwai 'yan damfara, dole a tsaurara. Gaskiya ne akwai su. An ƙirga ma'aikatan gwamnati ɗaya bayan ɗaya a 2018, kuma a 2020 ma'aikatar kuɗi ta fitar da dubban sunayen da take zargi da cin fanshon nakasa da na gado ba bisa ƙa'ida ba. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Takardar bogi ba ta sa wa kanta hannu, wani ne a cikin ofis ya buga mata hatimi. A je a kama shi. Tsaurin da ake yi bai taɓa hana mai uwa a gindin murhu wucewa ba, gurgun da ba shi da kowa kaɗai yake tarewa.

Kuma mun taɓa ganin irin wannan. Kakanninmu daga Kamaru da Chadi sun bi rundunar Leclerc, wani kwamandan sojan Faransa, suka keta Sahara a yaƙin duniya na biyu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mulka, aka bar su da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Sai a 2011 aka kammala daidaita shi da na Faransawa, kuma wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta ya nema ake yi wa. Tsoho nawa ne a Garwa ko Kusiri ya ji labarin, balle ya cike takarda da Faransanci? Abin da muka zargi Faransa da shi, bai kamata mu yi wa 'ya'yanmu shi da hannunmu ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka. Rundunar da soja ya yi wa aiki ta haɗa masa dosiyensa cikakke kafin ya tuɓe kaki. Kwamitin likitoci ya riƙa zagayawa Mora, Mokolo da Kusiri a ranakun da aka sanar a rediyo. A ajiye ma'aikaci mai jin Fulatanci, Hausa da Larabcin Shuwa, ya zauna da mai haƙƙi ya cike masa takardu kyauta, ya ba shi rasit mai kwanan wata. A kai masa, kada a jira ya rarrafo.

Ku kuma da ke cikin kaki yanzu, ku je ku yi wa aurenku takarda a wannan watan, ku yi wa kowane yaro ta haihuwa, ku ajiye kwafi a hannun uwargida. Malamanmu masu ɗaurin aure, in ango soja ne, ku tuna masa tun a wurin fatiha. Baba na Mora kuwa, kada ka miƙa wa kowa takardunka na asali. Ka ba da kwafi, ka karɓi rasit, ka tafi ofis tare da wani tsohon soja da ya riga ya karɓi nasa.